Estanal Ɗin Yaya Hashimu Ya Fara Ƙara

Assalamu alaikum Anti Taibatu. Ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali, ya haƙuri da mu masu kawo miki kuka kullum. Anti, don girman Allah ki taimake ni, kada ki sa wasiƙata a bayan layi, sati uku kacal suka rage mini. Sau huɗu ina rubuta ta ina gogewa. Ni ba mai magana ba ce, ko a aji, shi ya sa na ga gara in rubuto wa wadda ba ta san fuskata ba. Sunayen da za ki gani na sauya su.

Shekaruna sha bakwai, ina aji shida na sakandare a nan Talata Mafara. Mu uku ne wurin Innarmu: Yaya Hindatu da ke aure a Bakura, sai Yaya Hashimu, sai ni auta. Yaya Hashimu ya rasu cikin daminar da ta wuce. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Ranar Litinin yana tsokanata, ya ƙwace littafin soyayyar da nake karantawa ya ɗaga sama yana kirana Malama Mai Littafi, ranar Juma'a bayan masallaci aka kai shi. Har yau in na ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofar gida sai na ɗaga kai.

Yana da wata tsohuwar laftof da yake karatun foliteknik da ita. Cikinta ƙarami ne, ba ta ɗaukar kaya da yawa, shi kuma akwai wani gem da yake so kamar ransa, irin wanda ake bugawa da mutanen wasu garuruwa ta intanet. Da ya ga gem ɗin ya fi ƙarfin cikin laftof, sai ya samo wani ɗan baƙin akwati kamar sabulun wanka, yana ce mishi estanal, ya zuba gem ɗin a ciki. In zai buga sai ya haɗa su da kebul. Bakin kebul ɗin ya saki, don haka ya naɗe shi da robar tayar keke. In yana wasa ba a taɓa tebur. Ko tsintsiya na kawo kusa sai ya ce in yi a hankali kada in girgiza mishi duniya. A lokacin haushi abin yake ba ni.

Bayan rasuwar, Baba ya ce a bar mini laftof ɗin in riƙa gwajin JAMB. A fuskarta akwai wata alama fara fat, ba hoto ba kala, in ka danna sai ta ce ba ta ga abin da kake nema ba. Nakan zauna ina kallonta hakanan. Wata biyu da rasuwar, Inna ta fito da tufafinshi za a kai sadaka wurin dangi a Birnin Tudu, ta ce in ninke. Ina ɗaga shuɗin kaftaninshi na ji nauyi a aljihu. Estanal ɗin ne, a naɗe cikin tsohuwar hularshi, da kebul da robar da komai. Anti, na tura shi cikin hijabina ban gaya wa kowa ba. Ban taɓa ɓoye wa Inna abu ba sai ranar.

Washegari bayan azahar, Inna ta kishingiɗa, na shiga ɗaki na haɗa. Akwatin ya yi ɗan gurnani, wata fitila shuɗiya ta kama, sai farar alamar nan ta yi kala a gaban idona. Astagfirullah, na san na'ura ce, amma sai da tsigar jikina ta tashi. Na haɗa da datar wayata, ya daɗe yana sauke wasu abubuwa, sannan ya buɗe da kanshi, bai tambaye ni kalmar sirri ba.

Sai ga shi tsaye. Ɗan mutum ne na cikin gem, da shuɗiyar riga da malafa, sunan Hashimu a saman kanshi, yana ɗan motsi kamar mai numfashi. Ashe ba harbe-harbe yake yi ba kamar yadda na zata. Gona ya yi. Ya ja ruwa daga gulbi ya yanka hanyoyi kamar na Bakolori inda Baba ke noman rani, ya yi fangali-fangali, ya dasa wani abu mai kama da albasa, har da gada ta katako. A gefen gonar kuma akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, ciki kanta ne jere da littattafai, a ƙofa an kafa allo an rubuta Ɗakin Malama Mai Littafi. Bai taɓa gaya mini ba. Na yi kuka har na ji kamar ƙirjina zai tsage, ina toshe baki da filo.

Ina cikin haka saƙo ya faɗo a gefe. Wani ne mai suna Jafaru. Ya rubuta: Hashimu, ina ka shige wata biyu, wayarka a kashe, ni nake ta ba albasarka ruwa. Anti, wallahi na ɗora hannu da niyyar in rubuta mishi cewa Allah Ya yi wa Hashimu rasuwa. Na kasa. Ban taɓa furta kalmar da bakina ba, ko a wurin zaman makoki kai kawai nake sunkuyarwa. Kuma ga mutum ɗaya a duniya wanda a wurinshi yayana yana nan da rai, ya yi tafiya ce kawai. Sai na ga yatsuna sun rubuta: ina nan.

Yau wata biyar ke nan. Ƙarya ɗaya ta haifi 'ya'ya. Ya tambayi waya, na ce an sace, alhali tana cikin akwatin Baba a kashe. Ya ce mu yi magana da murya yadda suka saba, na ce makirfo ya lalace. Ya ce hannuna ya mutu, a da na iya tsallake ramin da ke bayan gona ido rufe, yanzu kullum sai na faɗa, na ce ciwon da na yi ne. Ya taɓa cewa yaushe na zama marubuci, don Yaya Hashimu gajarce kalmomi yake, ni kuwa sai na cika su har da waƙafi. Na koma karanta tsofaffin saƙonninsu ina koyon yadda yayana ke rubutu, da irin zolayar da yake yi. Wani lokaci in na rubuta abu sai in ji kamar ba ni na rubuta ba.

Ga abin da ya fi ba ni kunya. Jafaru yana Ilorin inda mahaifinshi ke aiki, amma asalinsu 'yan Maradun ne. Shekara biyu suna abota da Yaya, ba su taɓa haɗuwa ba. Yana da kirki, Anti. Yana gaya wa Hashimu abin da ba ya gaya wa kowa, rashin lafiyar babanshi, da neman aikin da ya ƙi samuwa. Ni ke karantawa. Ni ke ba shi haƙuri. Na fara jiran ƙarfe biyu tun ina aji. Na karanta littattafai da yawa, na san yadda irin wanga labari ke tafiya: yarinya ta ɓoye kanta, ya gano, ya yi fushi, ya dawo ya yafe, a shafi na ƙarshe a ɗaura aure. Nakan kwanta in tsara shi tun daga farko har ƙarshe, har kalar lefe. Amma ban taɓa karanta wanda yarinyar ta ɓuya cikin rigar mamaci ba. Rannan ya tambaya ya ƙanwarka mai littafi, ashe Yaya yana ba shi labarina. Na rufe laftof, ban ci abinci ba ranar. Washegari na rubuta mishi tana gaishe ka. Ina jin ita ce kaɗai gaskiyar da na taɓa gaya mishi.

To yanzu estanal ɗin ya fara ƙara. Ƙas, ƙas, ƙas, kamar ƙadangare cikin silin. In ya fara sai gem ya tsaya cak. Makon jiya Yaya yana tsakiyar gada, ƙafa ɗaya a sama, ya daskare hakanan idonshi a buɗe, ruwa ya daina gudu, tsuntsaye suka tsaya a sama, sannan komai ya yi baƙi, alamar ta koma fara. Sai da na cire na mayar sau bakwai ya dawo. Yanzu da hannun hagu nake riƙe kebul ɗin ina wasa da dama, ba na ko numfashi da ƙarfi. Na fara mafarkinshi a kan gadar nan, ƙafa ɗaya a sama, yana kallona, yana jira in riƙe mishi kebul. Kuma akwai ranar da na manta ban rage sauti ba, na juyo na ga Inna tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ta ce, wanga kiɗin Hashimu na. Sai ta juya ta koma madafa.

Na je wurin Maikuɗi mai gyaran waya da kwamfuta kusa da tasha, na tambaye shi kamar na ƙawata ne. Ya ce in yana irin wannan ƙara to mutuwa zai yi, a kawo ya gani, wataƙila sai an yi fomatin. Ina jin kalmar na fito ko sallama ban yi ba. In aka goge, gonar fa? Ɗakina fa? Shi fa? An rufe shi sau ɗaya ban iya hanawa ba, ba zan kai shi da hannuna a sake ba.

Kuskuren da na yi na ƙarshe shi ne na gaya wa Jafaru dalilin da ya sa gem ke tsaya mini. Shekaranjiya ya rubuto yana murna, wai za a yi bikin ɗan'uwanshi a Maradun nan da sati uku, zai zo, kuma zai ratso Mafara ranar Talata ta kasuwa don ya ga amininshi ido da ido, su ci kifin Bakolori. Ya ce har ya sayo wa Hashimu sabon estanal tsaraba. Kin san yadda hanyoyinmu suke yanzu, Anti. Zai ƙara wa kanshi tafiya don ya ga wanda ciyawa ta tsiro a kan kabarinshi.

Me zan yi? Wata zuciyar tana cewa in bar akwatin ya mutu da kanshi, Hashimu ya ɓace shiru, Jafaru ya zata an yi mishi wulaƙanci ne kawai ya haƙura. Wata tana cewa in faɗa. In na faɗa zai tsane ni, kuma daga ranar babu sauran wurin da yayana ke raye. Akwai yadda za a ceci abin da ke cikin akwatin ba tare da an goge ba? Kuma abin da na yi, Allah zai yafe mini?

Taki cikin damuwa,
Ƙanwar marigayi, daga Mafara.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah Ya jiƙan Hashimu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba ku haƙurin rashinsa. Na tsallake wasiƙu da dama na ɗauko taki, don na ga kwanakin. Ki share hawaye ki karanta a nitse, abu biyu kika cuɗa wuri ɗaya, zan raba miki su.

Na fara da akwatin, don tsoronsa ne ya ɗaure miki hannu. Ni ba gwanar na'ura ba ce, don haka na kai wasiƙarki, ba tare da sunan garinku ba, wurin Malama Agnes mai kula da kwamfutocin ofishinmu. Ga abin da ta ce. Irin wannan gem da ake bugawa da mutanen nesa, abin da ke cikin estanal kayan aikinsa ne kawai: hotuna, da sauti, da kiɗan da Inna ta ji. Gonar, da gadar, da ɗakinki, da mai shuɗiyar riga, kusan tabbas suna ajiye can wurin kamfanin gem ɗin, ƙarƙashin sunan Hashimu. Ke da kanki kin ba da shaida ba ki lura ba. Wata biyu akwatin yana naɗe cikin hula a aljihun kaftani, amma Jafaru yana shiga yana ba albasa ruwa. Da gonar tana cikin akwatin, ta ina zai shiga? Don haka ko yau estanal ya mutu, gona ba ta mutu ba. Duk kwanakin nan kina riƙe da kebul da hannun hagu kina tsaron abin da ba ya ciki.

Abin da ya kamata ki ji wa tsoro daban ne. Na farko, duk wani abu nasa da ba gem ba wanda ya zuba a akwatin, hotuna ne, muryoyi ne, takardun makaranta ne, waɗannan in sun tafi sun tafi. Daga yau kada ki sake buga gem daga cikinsa, don wasan ne ke ƙara gajiyar da shi. Ki ɗauki Yaya Hindatu ku je wurin Maikuɗi tare, ki ce masa kwafewa kike so zuwa wani wuri, ban da fomatin, ku zauna a yi a gabanku, a fara da hotuna. Na biyu, mabuɗin shiga. Laftof ɗin ce ke tuna kalmar sirrinsa, ranar da ta manta za a nemi imel ɗinsa ko layin wayarsa, kuma kamfanonin waya kan karɓe layin da ya daɗe a kashe. Wayar tana akwatin Baba, kin ga dole maganar ta je gabansa. Agnes ta ƙara da cewa wasu kamfanonin gem ba sa yarda wani ya gaji sunan wani, wasu kuma kan rufe wanda aka daɗe ba a shiga ba. Saboda haka in an sauke gem ɗin a lafiyayyen wuri, ki shiga sau ɗaya ki ɗauki hoton komai, musamman allon ƙofar nan, a wanke miki shi a kati.

Yanzu maganar Jafaru. Ba zan yi miki faɗa ba. Yarinya ce ke da aka ɗauke wa ɗan'uwa cikin kwana huɗu, kika sami wata 'yar kafa da ake kiran sunansa kamar yana nan, kika leƙa. Akwai manya da yawa da za su yi abin da kika yi a ranar farko. Amma rana ta farko daban, wata biyar daban, kuma ki dubi abin ta gefensa. Ya buɗe cikinsa ga amininsa, ashe wata ce ke karantawa. Wannan amana ce aka taɓa. Sannan akwai wanda kika tauye ba ki sani ba, shi ne Hashimu. Wata bakwai ke nan yana da aboki mai ƙaunarsa haka, wanda bai taɓa ɗaga hannu ya roƙa masa gafara ba, don bai san ana bukata ba. Ruwan da Jafaru ke zuba wa albasar gem, addu'a ya kamata ya zama. Ita ce kaɗai ke isa inda yayanki yake.

Shawarar barin akwati ya mutu shiru, ki fitar da ita daga ranki. Zai zo Mafara duk da haka, ya yi tambaya a kasuwa, wani baƙo ya gaya masa a tsaye cewa wanda yake nema ya rasu tun damina. Ki auna yadda zai ji in ya lissafa da wa yake hira.

Ga yadda za ki yi, cikin wannan makon. Ki fara da Inna. Matar da ta gane kiɗan ɗanta ta koma madafa ba ta tuhume ki ba, jira take ki zo da kanki. In bakinki ya ƙi buɗuwa, miƙa mata wannan shafin, ko ki kira Yaya Hindatu ta karanta mata. Ku gaya wa Baba, har da batun estanal ɗin da kika ɓoye, don yana cikin abin da mamaci ya bari. Sannan a sanar da Jafaru tun kafin ya kama hanya. Tun da lambarsa tana cikin wayar Hashimu, ya fi kyau Baba ya kira shi ya gaya masa rasuwar, kamar yadda ake gaya wa kowane aboki. Bayan nan ke ki rubuta masa gajeren saƙo da sunanki, Yaya Hindatu tana gefe: ranar da ya rasu, ranar da kika fara amsawa, cewa kin yi kuskure, kina neman gafara, kuma sirrinsa ba zai fita daga bakinki ba. Kada ki ƙawata shi kamar na littafi. Layi shida sun isa.

Zai iya yin fushi, zai iya yin shiru har abada. Haƙƙinsa ne, kada ki bi shi da saƙonni. In kuma ya zo, ya zo a matsayin mai ta'aziyya, Baba ya karɓe shi a zaure, a raka shi maƙabarta in yana so. Ba ke za ki tare shi a kasuwa ba. Duk kirkin da kika gani, a rubuce kika gan shi, ba ki san shi ba, shi kuma ko kaɗan bai san ki ba.

Abin da zuciyarki ke saƙawa game da shi ba abin kunya ba ne, shekarunki ne. Sai dai kalmomin nan masu daɗi Hashimu ya rubuta wa, ke kin tsaya a tsakani ne kika tara. Ki ajiye kalar lefe ki ɗauki littafin JAMB. Abin da Allah Ya rubuta miki zai zo yana kiran sunanki na gaskiya. Batun yafiya kuwa, wadda ta yi nadama ta daina ta nemi gafarar wanda ta zalunta, ƙofar Ubangiji a buɗe take gare ta. Mafarkin gada ma ina sa ran zai bar ki ranar da kika saki kebul ɗin. In bai bari ba, ki sake rubuto mini, kuma kada ki ɓoye wa Inna.

Abu ɗaya na ƙarshe. Na sake karanta inda kika ce ya gina ɗaki ya jera littattafai ya sa sunanki a ƙofa. Yayanki bai bar miki rigarsa don ki sa ba, ɗaki ya bar miki. In iyayenki sun yarda, wata rana ki buɗe naki sunan a gem ɗin, ki tsallaka gadar da ƙafarki, ki shiga ɗakin a matsayin mai shi. Kafin nan, gobe da asuba in kin idar da salla, ki faɗi kalmar nan da kika kasa faɗa, da bakinki, ki bi ta da Allah Ya jiƙansa.

Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya ba ki sa'ar jarrabawa, Ya kawo Jafaru lafiya Ya mayar da shi lafiya. Ki gaishe mini da Inna.

Antinki,
Taibatu.